Dutsen Da Rana Ta Shanye

Kwanakin baya ina tankaɗe a ƙofar madafi na ji jikokina suna gardama a tsakar gida. Ɗaya ta ce kakansu ya bar dutse mai tsada aka sace, ɗayan ya ce ba sata ba ce, ni na fasa shi don haushi. Ban tsawata musu ba, don abin da suka tsinta a bakin manya ne suke maimaitawa. Amma na ce a raina, kafin idona ya ƙarasa zan zauna in rubuta labarin dutsen nan yadda ya faru, da ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci bayan na riga na haihu. Hannuna ba ya sauri, kuma ina gajiya. Inda kuka ga baƙi ya karkace, ku gyara a ranku ku wuce.

Kakanku, Malam, ɗan cin rani ne tun kafin a kawo ni gidan nan. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ya ɗauki buhunsa ya shiga motar Ɗan Barto, garin bakin iyaka. Yawancin mazan Matameye a Kano suke tsayawa, wani ga ruwa, wani dako, wani teburin shayi. Shi wucewa yake har ƙasar Jos, wurin haƙar kuza. Ya ce rami suke shiga su fito da ƙasa, su wanke ta a bakin rafi har baƙin yashin mai nauyi ya kwanta. A cikin wankin nan ne wasu duwatsu masu haske suke fitowa, ana ce musu tofas. Farare suna da yawa, ba a cika damuwa da su ba, mai launi ake nema, kuma mutum ya kan ƙare rayuwarsa bai gamu da babba ba. Wata shekara, gab da faɗuwar ruwa, ya dawo da guda a ƙulle cikin tsumma. Girmansa kamar ƙwan zabo, sai dai ya ɗan fi tsawo. Bayansa dishi-dishi ne, don yashin rafi ya goge shi, amma in aka ɗaga shi saitin haske sai ka ga kamar an ɗura zuma a ciki.

Ina tuƙa tuwo ya zo ya tsuguna kusa da murhu, abin da ba ya yi, yana ba ni labarin da ya ji daga wani malamin duwatsu da ke kawo ɗalibansa wurin haƙar.

"Kin ga tukunyar nan taki? Haka cikin ƙasa yake a can da. Dutse narkewa yake kamar talge. In ya fara hucewa sai ya daskare, amma tururin ƙarshe ba ya samun hanyar fita, sai ya maƙale a 'yan kogunan da ke ciki. A cikin tururin nan wannan ya tsiro, kaɗan-kaɗan, cikin duhu, tun ba a san za a yi garin nan ba."

Na ce, "To da me aka haɗa shi?"

Ya ce, "Da irin ƙarfen da ake zuba tukunyar nan, da abin da ke cikin yashi, da wani abu mai kaifi da ake sa ɗan kaɗan a man goge baki."

Na ce, "Ashe duk kayan gidana ne. Ka tafi har Jos ka ɗauko abin da ke madafina."

Ya yi dariya har da buga cinya. Lokacin ƙirjinsa lafiya lau.

Hali biyu ya ce dutsen yana da su, kuma duk abin da ya same mu daga baya a kansu ya tsaya. Na farko, ba ya son rana. A duhu ya tashi, in aka bar shi a haske launin yana tafiya a hankali har ya koma kamar ruwa. Na biyu, yana da tauri, wuƙa ba ta yi masa zane, shi ne ma yake zana madubi, amma yana da kwanciya. In aka sami wannan layin aka buga sau ɗaya, rabewa yake gida biyu sumul kamar fuskar madubi. Kwalba ba ta yin haka, tarwatsewa take da baki karkace. Ya nuna mini wani siririn layi kamar gashi a jikin nasa, ya ce nan ce kwanciyarsa, kada a bari ya faɗi a kan dutse. Sannan ya kira ɗanmu na fari, wanda a lokacin bai daɗe da warkewa daga kaciya ba, ya zaro wani ƙaramin fari daga aljihu, ya ɗora wuƙa ya buga ya raba masa don ya gani. Ya ɗaga babban dutsen saitin ƙofa ya ce wa yaron ya leƙa.

"Ka ga zuma? Wannan rabonka ne in ka girma."

Dole in tsaya nan in yi muku bayanin yaron nan, don ku na yanzu ba ku san wannan ba. Ɗan fari ne, kuma a tarbiyyarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shigar masa in an yi faɗa. Babba muke ce masa, har yau kuma ban taɓa faɗin sunansa da bakina ba. In ya faɗi ya fasa gwiwa, ƙanwar ubansa ce ke ɗaga shi, ni ina daka kamar ban gani ba, taɓarya na neman suɓuce mini. Da aka haifi Balki bayansa, ita babu wannan kunyar a kanta, sai na goya ta, na yi mata kitso, na yi mata waƙa. Yana kallo. Ni na ɗauka ya san dalili, tunda haka ake yi a kowane gida. Shi kuwa ya tattara duk abin da ke ransa ya ɗora a kan ubansa.

An ɗinka wa dutsen 'yar jakar fata, aka sa shi a ƙasan akwati ƙarƙashin rigar sallar Malam. Masu saye sun zo daga Damagaram, ya ce ba na sayarwa ba ne. Shekaru suka wuce. Babba ya girma ya bi hanya shi ma, amma Ikko ya nufa, ya kama aiki a wani shagon kayan mota, ya kai ba ya zuwa sai da salla, wata shekarar ma sai dai saƙo. Balki ta yi aure nan bayan gidanmu, wurin Mutari mai lambun rake. Malam kuma ya fara tari. Da ya ƙi ƙarewa muka kai shi asibiti a Damagaram, suka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce ƙurar rami ce ta kwanta a huhunsa, kuma ba abin da ke wanke ta. Bayan tarin sai yanar ido ta rufe masa gani. Mutumin da ke ratsa iyaka da buhu a ka ya koma sai an riƙe masa hannu zuwa bayan gida.

Kullum da safe Balki za ta shigo da kunu, ta shimfiɗa masa tabarma a jikin katangar gabas ya sha hantsi, don zafin yana sassauta masa ƙirji. Wata safiya ya ce a ɗauko masa jakar fatar. Ya zazzage dutsen a tafinsa, ya ɗaga shi saitin rana ya manna a ido, ya daɗe a haka. Washegari ma ya nema. Da na ga abin ya zama na kullum sai na zauna a gefen tabarmar.

"Malam, ba kai ka ce rana tana shan launinsa ba?"

"Ni na ce."

"To?"

"Ke ma yanzu inuwa nake gani in kin wuce. Wannan kaɗai ne in na ɗaga nake ganin launi. Bar ta ta sha, ni ma sha nake."

"Na yaron nan ne fa."

"In ya zo zan gaya masa da bakina."

Na ƙyale shi. Mutum ya ba rami huhunsa, bai roƙi kowa komai ba sai wannan, ban ga ta inda zan ɓoye masa jaka ba. In Babba ya kira a waya, tari ba ya barin ubansa ya wuce gaisuwa, ni kuma ba mu saba doguwar magana da shi ba, sai in miƙa wa Balki. Haka rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya sake zagayowa. Mu da muke ganin dutsen kullum ba mu ga tafiyar launin ba, kamar yadda ba mu ga ramar Malam ba sai baƙo ya shigo ya yi shiru. Daga zuma ya koma kamar shayin da aka yi wa ruwa, daga nan kuma ban san ranar da ya ƙare ba. Abin da na riƙe shi ne wata safiya, rana tar, ya ɗaga ya juya ya sake juyawa.

"Balki, yau hadari ne?"

Ta dubi sama, ta dube ni.

"E, Baba, akwai gajimare."

Ya mayar da shi cikin jaka, bai sake nema ba. Da ruwan farko ya faɗi Allah ya karɓi abinsa. Babba ya taso daga Ikko, amma hanya ta yi tsawo, ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon kaya. Ina cikin takaba, ina zaune bayan labulen ɗakina, ina jin komai. Baffa Ilu, ƙanin Malam, shi ya buɗe akwati. Babba bai dubi riga ba, bai tambayi gona ba, jakar fatar ya miƙa wa hannu. Na ji ƙarar kwance igiya, sannan na ji muryarsa.

"Baffa, wannan ba shi ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba ne? Daga akwatin ya fito."

"Na Baba kamar zuma yake. Da idona na leƙa. Wannan gindin kwalba ne aka goga a yashi."

A shekarar ne Mutari ya sayi injin ban ruwa don lambunsa, sabo fil, ana jin kukansa har gidanmu. Kuɗin raken shekaru ya tara ya saya, kowa a unguwa ya sani, amma Babba ba ya nan lokacin da ake tara kuɗin, ƙarar injin kawai ya zo ya tarar. Ya ce wa ke shiga ɗakin Baba kullum, wa ke riƙe da makullin akwati. Balki ta ce ita ce. Ya ce to. Daga bayan labule na ce wa Baffa Ilu ya gaya wa yaron nan rana ce ta shanye launin, ubansa ne ya riƙa fitar da shi hantsi da saninsa. Yana tsaye taku kaɗan daga gare ni, amma ta bakin Baffa na aika, don haka na saba. Shi ma ta nan ya mayar.

"Baffa, ka gaya mata dutse ba atamfa ba ne da zai koɗe. Kuma Baba ba zai yi mini haka ba. Ita dai tun ina yaro ba ta taɓa shigar mini ba, yau ma 'yarta take karewa."

Baffa Ilu ya ɗauko madubina ya ja dutsen a kai, ya bar zane. Babba ya ce a Ikko ya ga kwalbar da ke yanka kwalba. Ba hujja yake nema ba a lokacin. In ya yarda da maganata, ya yarda ubansa ya cinye alkawarin da ya yi masa, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan a ce ƙanwarsa ɓarauniya ce. Ƙarshe ya ce ranar Juma'a bayan an sauko, Balki da mijinta su dafa Alƙur'ani a gaban liman su rantse ba su canza dutsen ba.

Ku yara ba ku san nauyin wannan ba. A garin nan in ɗan'uwa ya kai ɗan'uwansa ga dafa littafi, ko mai gaskiya ya fita da gaskiyarsa, zumunci ya yanke. Ba a sake cin abinci kwano ɗaya, 'ya'yan wannan ba sa kwana gidan wancan, suna da biki sai dai a ji a bakin maƙwabta. Na san gidaje a nan da garin Kance da har jikoki ba sa gaisawa, kuma an manta a kan me aka rantse. Na aika a kira mini Balki don in lallashe ta ta ba shi haƙuri ko ba ta yi laifi ba. Ta zauna a bakin gadona, idonta a bushe.

"Inna, zan dafa. Ni na kwashe tarin Baba da hannuna, shi yana can. Zan dafa, amma daga ranar ba ni da wa."

Kwanakin da suka rage ban iya cin abin kirki ba. Na yi ta juya maganar Malam ta ranar da ya tsuguna a gaban murhu. Launin ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da ya rage wanda yaron nan ya gani da idonsa daga hannun ubansa shi ne kwanciyar. Na kuma san in aka raba dutsen, ɗan abin da ya rage na darajarsa ya tafi, kuma shi ne kaɗai abin da tafin Malam ya ɗumama har ƙarshe. Na so in ajiye shi a yadda yake. Na so ƙwarai.

Ranar Juma'a da hantsi na fito daga ɗaki da mayafin takabata, na sa aka jawo dutsen niƙa zuwa jikin katangar gabas, inda tabarmar Malam take zama. Na ce Baffa Ilu ya ba ni jakar. Balki da Mutari suna tsaye a gefe, sun riga sun yi wankan masallaci. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa da ɗan dutsen niƙa. Ko a ranar ban kira sunansa ba, amma na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye.

"Kai, zo ka tsuguna nan."

Ya zo. Ina jin mamakin muryata ne ya kawo shi.

"Ka tuna abin da ubanka ya nuna maka a ƙofar madafin can? Kwalba in an buge ta, yaya take yi?"

"Tarwatsewa take."

"Shi fa?"

Ya dubi dutsen da ke hannuna. Baffa Ilu ya matso.

"Yaya, ki yi tunani. In shi ne, kin yi asara."

"Na sani, Ilu."

Idona ba ya ganin layin sosai, da farce na lalubo shi. Na kwantar da dutsen, na ɗora bakin wuƙar, na yi bisimilla na buga. Ƙarar ba ta kai ta fasa goro ba. Ya rabu biyu, kowane ɓari ya mirgina gefensa, ko ɓurɓushi babu. Fuskokin sumul suke, har ana ganin sama a ciki. Babba ya ɗauki ɓari ɗaya ya shafa da babban yatsa, ya ɗaga saitin rana ya leƙa ta sabuwar fuskar. Ni ma daga baya na leƙa. Akwai ɗan saura can ciki, kamar ruwan da aka ɗauraye kwanon zuma da shi. Ya daɗe a tsugune yana leƙawa.

"Shi ne."

Ya miƙe ya je gaban Balki ya ce ta yafe masa don Allah. Ya ba Mutari hannu. Balki ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa. Ina tattara wuƙata, ina cewa alhamdulillahi a raina, sai ya juyo kaina. Karo na farko ke nan da ya yi mini magana kai tsaye a matsayin babban mutum.

"Kina zaune rana ta cinye shi ba ki hana ba, ba ki gaya mini ba. Sauran kuma kin fasa. Shi ke nan abin da ya bar mini."

Ya ajiye ɓarin a kan dutsen niƙa ya tafi masallaci.

Ba a yi rantsuwa ba. Ku da kuke karanta wannan, 'ya'yan Babba da 'ya'yan Balki, kun tashi kuna kwana ɗaki ɗaya da hutu, kuna faɗa a kan rake, ba ku san yadda abin ya kusa ba. Fushin bai mutu ba, wuri ya canza, ya dawo kaina, kuma na bar shi a nan don ya fi sauƙin ɗauka a wurina a kan a tsakaninsu. Bai taɓa rage mini komai ba. Buhun gero yana zuwa, atamfar salla tana zuwa, in na kwanta ciwo shi ke sa a kai ni asibiti. Amma in ya zo gari, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, ya tashi. Masaukinsa gidan Balki. Na sha shirya maganar da zan faɗa masa, in ya durƙusa sai bakina ya koma irin na da, in ce an zo lafiya, ya iyali. Na gaji da shirya ta, shi ya sa na rubuta.

To ga shi ku sani. Ba wanda ya sata. Kakanku ne ya sha abinsa da idonsa lokacin da ba abin da ya rage masa na gani, kuma ya yi niyyar faɗa wa Babba da bakinsa, hanya ce ta yi tsawo. Ɓarin biyu suna cikin jakar fatar a ƙasan akwati, ƙarƙashin rigar da ba wanda ya ɗauka. Na Babba ne. Wanda ya buɗe bayana ya miƙa masa, kada kuma a fitar da su rana, ɗan sauran nan ya isa a bar masa.

Sallar da ta wuce ma a gidan Balki ya sauka. Kamar kowace shekara, na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, na sa daddawa da yawa yadda yake so tun yana ƙarami, na ba Balki ta bi da shi ta ƙofar baya ta juye a kwanonta. Ta ce mini ya san hannun, tun loma ta farko yake ganewa. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Da la'asar aka dawo mini da kwanon, babu komai a ciki.